Gyaran Tsatsa da Lalacewar Fenti a Jikin Motar Hom-Yus a Accra

Yawancin motocin hom-yus, wato waɗanda aka yi amfani da su a ƙasashen waje kafin a shigo da su, da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema sun riga sun ci shekaru a Amurka, Kanada, Jamus ko Koriya ta Kudu. A Kanada da jihohin arewacin Amurka ana watsa gishiri a kan titi duk lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara, gishirin kuwa yana shiga kowane lungu na ƙarƙashin mota ya lafe. Wasu kuma daga gwanjon Copart ko IAA aka sayo su, bayan haɗari ko ambaliya, aka daddage aka buga su aka fesa. Da suka iso sai suka tarar da iskar teku, laimar damina, da ruwan da ke kwanciya a Alajo, Kaneshie da Circle duk watan Yuni. Tsatsa ba ta neman komai sai ƙarfe, iska da ruwa, gishiri kuma yana ƙara mata gudu. Shi ya sa motar da ke kwana a bakin teku, a Chorkor, Teshie ko Nungua, take rigan wadda ke kwana a unguwar Madina fara kumburi.

Feshin kala da mutane ke zuba wa ido shi ne ƙaramin aiki. Abin da zai sa gyara ya kai shekaru ko ya tashi kafin damina ta zagayo yana ƙarƙashin fentin ne, da kuma bayan ƙarfen inda ba mai leƙawa.

Fara da sanin zurfin ciwon

A wanke motar tas, har ƙarƙashinta, a bar ta ta bushe, sannan a duba ta da rana tsaka. Kayan binciken ba su da yawa: tocila, tsohon sukundireba, ƙaramar guduma da ɗan maganaɗisu mara ƙarfi, irin wanda ake liƙawa a jikin firji.

Ruwa yana da wuraren zamansa. Duba bakin ramin taya na baya, dokin ƙofa daga ƙasa, gindin ƙofofi, kewayen gilashin gaba da na baya ƙarƙashin roba, leɓen banet, kewayen murfin tanki, da gurbin batir. Ɗaga kafet ka taɓa soson da ke ƙarƙashinsa. Fitar da safayar taya ka haska ramin. Idan ka ga busasshen taɓo a cikin but ko ƙarƙashin kujeru, ko ƙusoshin kujera sun yi ja, ruwa ya taɓa cin motar.

Bi jikin motar da maganaɗisun. Inda ya kama da kyau ƙarfe na kusa, inda ya zame ya faɗi akwai fila mai kauri, wato kwaɓin da ake cike lotsawar bodi da shi. Sai dai ka tuna wasu banet da ƙofofi na alminiyam ne, Ford F-150 ma daga 2015 duk bodinta alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kama su ko da lafiyarsu ƙalau. Wanda ke da na'urar auna kaurin fenti ya fi samun gaskiya. Fentin kamfani yakan tsaya tsakanin maikiron 100 zuwa 180, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Da ka ga 300 ko fiye, an sake feshi a wurin. Da ya haura 1000, fila ce.

Tsatsa hawa uku ce. Akwai ta sama, wadda ta fito inda tsakuwa ta fasa fenti ko wani abu ya karce shi, ƙarfen ya yi ja amma bai rame ba. Akwai wadda ta kumburo fenti kamar ƙuraje. Wannan ita ce mai yaudara, domin sau da yawa daga bayan ƙarfen ta faro, abin da ka gani a waje kaɗan ne daga abin da ke ciki. Sai ta uku, wadda ta huda. Danna bakin sukundireba a kan kumburin da ƙarfi. Idan ya yi ƙaras-ƙaras ko ya shige, maganar gogewa ta ƙare, sai yanka.

Akwai kuma wuraren da ba na kwalliya ba ne: dogayen ƙarafan shasi, mazaunin shokoba, inda jak ke kamawa, ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, da inda bel ɗin kujera ya ɗaure. Idan tsatsa ta huda ɗaya daga cikinsu, ba a sa fila ko kaɗan. Ko dai a sauya ɓangaren da ƙarfe mai kaurinsa, ko a haƙura da motar. Ga mai shirin saye, wannan kaɗai ya isa dalilin fasa ciniki.

Idan fenti ne kawai ya ji ciwo

Fentin mota hawa-hawa ne: rufin kamfani da ke manne da ƙarfe, sai faraima, sai kala, sai kiliya mai sheƙi a sama, wadda kaurinta bai cika wuce maikiron 50 ba. Jiƙa karcen da ruwa. Idan ya ɓace yana jiƙe, a kiliya ya tsaya. Goga farce a kansa, idan bai kama ba, sanfefa P2000 (yawan lamba, yawan laushi) da ruwa, sai P3000, sai man goge fenti da injin folish sun isa. Kada a daɗe a kan kusurwa ko layin bodi, nan kiliya ta fi siranta kuma nan take fara ƙonewa.

Ƙananan ramukan tsakuwa a kan banet: kankare jan da ke ciki da bakin reza, goge da ruwan cire maiƙo, ɗiga faraima da tsinken sakace, bayan ta bushe ɗiga kala, sannan kiliya.

Kiliyar da ta yi fari tana ɓarewa a rufi da banet kamar saɓar maciji, rana ce ta kashe ta. Folish ba ya tayar da ita, kuma fesa sabuwar kiliya a kanta asarar kuɗi ne, domin ta ƙasa za ta ci gaba da tashi ta ɗauke ta sama. Sai an goge ɓangaren duka an sake kala da kiliya.

Cire tsatsa har ƙarfe ya yi fari

Kwance duk abin da zai kwantu a kusa: fitila, bamba, robar ƙofa, hannun ƙofa, robar cikin ramin taya. Tsatsar da ke gefen gilashi ba ta gyaruwa sai an cire gilashin. Wanda ya manna salatif a gefen roba ya fesa, ya bar uwar tsatsar a ƙarƙashi.

Kafin sanfefa ta taɓa wurin, a wanke shi da ruwan cire maiƙo. Idan aka fara guga a kan folish da maiƙo, cikin ƙarfen ake tura su. Sai a ɗauki giranda da faifan cire fenti, ko injin guga da P80, a buɗe wurin har a wuce iyakar tsatsar da santimita 3 zuwa 5 ta kowane gefe. Faifan dutse na yankan rodi bai dace ba. Ƙarfen bodi bai fi milimita 0.7 zuwa 0.8 ba, faifan dutse zai cinye rabinsa kafin ka ankara. Idan ƙarfen ya fara yin shuɗi, zafi ya yi yawa, a ɗaga hannu.

Buroshin waya yana da ha'inci. Yakan goge tsatsa ta yi baƙi tana ƙyalli, mutum ya ɗauka ƙarfe ne. Haska wurin ka duba da kyau. Baƙaƙen ɗigo-ɗigo da ke cikin ƙananan ramuka tsatsa ce mai rai. Feshin yashi ya fi komai fitar da ita. Inda babu shi, a yi amfani da maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, wanda ke mayar da ita baƙin rufi da ba ya ci gaba da ci. A shafa, a bar shi a jiƙe minti 10 zuwa 15, a goga da buroshi, a wanke ragowar kafin ya bushe, a busar nan take da iska. Idan aka bar asid ya bushe a wurin, farin gari zai fito kuma faraima ba za ta kama ba. Maganin na ramukan da guga ta kasa kaiwa ne, ba ya maye gurbin guga, kuma ba ya ratsa ɓawon tsatsa mai kauri.

Ruwan batir da asid ɗin wanke tayil ba su da wuri a wannan aiki. Suna fitar da ƙarfe fes a idonka, amma abin da suke bari a cikin ramuka da gaɓoɓi zai ci ƙarfen fiye da tsatsar da aka cire.

A iskar Accra, ƙarfen da aka goge da safe yakan fara yin ruwan ɗorawa kafin la'asar. Kada a buɗe wurin da ba za a iya rufe shi da faraima a ranar ba, kuma kada a taɓa farin ƙarfe da hannu tsirara, gumi gishiri ne.

Yanka da walda

A nan ake raba gyara da kitso da kwarkwata. Ramin da aka toshe da ragar waya, gwangwani ko kwali aka lafta fila a kai zai yi kyau wata shida. Fila tana shan ruwa ta baya, ramin ya ci gaba da faɗi, wata rana a bugi wurin ya faɗo kamar ɓawon kwakwa.

Kafin a kunna wuta, a cire kan batir na nagatif a jira 'yan mintoci saboda jakar iska da kwamfutar mota. A cire kafet, soso da wayoyin da ke bayan wurin. A san inda tanki da bututun mai suka bi. Motar da ke haɗa fetur da lantarki, irin Prius, tana da wayoyi masu launin lemo da ke ɗauke da wuta mai kisa, wanda bai san su ba kada ya kusance su. A ajiye abin kashe gobara kusa, bayan an gama kuma a zauna rabin awa ana duba wurin, domin soso yakan ci a hankali ba tare da harshen wuta ba.

Zana layi a kan lafiyayyen ƙarfe, santimita 2 zuwa 3 bayan tsatsa, ka yanka. Kusurwoyin yankan su zama masu lanƙwasa, kusurwa mai tsini tana tara zafi ta murɗe. Ɗora kwali ka fitar da siffar ramin, ka mayar da ita kan sabon ƙarfe mai kauri ɗaya da na wurin. Dokin ƙofa da ƙasan mota sun fi bangon ƙofa kauri, a auna kafin a saya. Kwanon rufin ɗaki da bangon tsohon firji ba ƙarfen mota ba ne. Inda wurin yake da lanƙwasa mai wuya, kamar bakin ramin taya, ya fi sauƙi a nemo yankakken ɓangare daga irin motar a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai ko Kokompe, a duba bayansa kafin a biya. Ƙofa, banet, murfin but da madigadin gaba kuwa da ƙusa aka ɗaure su, idan sun ruɓe sosai sauya su ya fi arha da kyau.

Facin ya zauna baki da baki da tsohon ƙarfe, da tazarar da ba ta wuce milimita 1 ba. Ɗora faci a kan tsohon ƙarfe ya fi sauri, shi ya sa ake yawan yinsa, amma tsakanin ƙarafan biyu ɗaki ne aka gina wa ruwa. Inda dole sai an ɗora, kamar gaɓar dokin ƙofa, a fesa wa fuskokin biyu faraima mai zinki wadda walda ke ratsawa.

Injin waldar MIG da waya mai kaurin milimita 0.6 shi ne na wannan aiki. Ba a jan walda a layi ɗaya. Ɗigo ake yi a kusurwoyi huɗu, sai ɗigo kowane santimita 3 zuwa 5, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, ana barin ƙarfe ya huce har bayan hannu ya iya kusantarsa, a haka har ɗigon ya haɗe. Kada a sanyaya da jiƙaƙƙen tsumma, yana sa ƙarfen ya tsuke ya taurare. Maƙalin at (earth) na injin walda a maƙala shi kusa da wurin aiki, kada wuta ta bi ta wayoyin mota.

Masu bugun bodi da yawa har yanzu da waldar gas ta kabayid suke aiki. Ana iya fitar da aiki da ita, amma zafinta yana bazuwa, yana murɗa bangon ƙofa kuma yana ƙone rufin kamfani nesa da wurin. Idan ita kaɗai ce, a sa ƙaramin baki, a yi gajeren ɗigo, a bi kowane ɗigo da guduma da matashin ƙarfe tun yana da zafi. Liƙi da tagulla ma ana yinsa, sai dai garin da ake tsoma sandar a ciki yana maƙalewa ya tayar da fenti daga baya. Ginshiƙai da dokin ƙofar motocin zamani kuwa da ƙarfe mai tauri na musamman aka yi su, harshen wuta yana kashe ƙarfinsu. Wanda ya gasa su ya yi ja ya miƙe, motar za ta yi kyau amma ba za ta kare kowa a haɗari ba.

Bayan walda a daidaita tudun da faifan sanfefa P60 ko P80, a kan waldar kawai, kada a ci gefenta. Sannan wani ya haska tocila ta baya kai kana kallo ta gaba. Duk ɗigon hasken da ka gani ƙofar ruwa ce, a cike ta da walda.

Faraimar ifoksi, sannan fila

An saba lafta fila kai tsaye a kan farin ƙarfe. Tana kamawa, amma a gari mai laima kamar namu ya fi kyau a fara rufe ƙarfen da faraimar ifoksi mai haɗi biyu, wadda ruwa ba ya ratsa ta. A goge da ruwan cire maiƙo da tsumma biyu, ɗaya na shafawa ɗaya na kwashewa kafin ya bushe. A fesa hawa biyu, minti 10 zuwa 15 tsakani, gaba da baya, a bari ta kwana. Washegari a ɗan karce ta da P180 kafin fila. Faraima mai asid, wadda ake fesawa siririya a kan ƙarfe, ba a sa fila a kanta, ba sa jituwa.

Ma'aunin fila kashi 2 cikin 100 ne: giram 2 na hadana, wato sinadarin da ke sa ta ƙanƙara, ga giram 100 na fila. Wanda ba shi da sikeli ya ɗebi fila kamar girman ƙwan kaza, hadana kamar ƙwayar gyaɗa. Yara masu koyo sukan ƙara hadana don ta yi saurin kamawa, bayan wata biyu sai tabo mai ruwan ɗorawa ya ratso farar mota daidai wurin. Idan kuma ta yi kaɗan, filar ba ta ƙanƙara, tana toshe sanfefa. A cakuɗa a kan faranti na ƙarfe ko roba, ba a kan kwali ba, kwali yana tsotse ruwan filar. Ninkewa ake yi ana dannawa, ba juyawa kamar koko ba, juyawa na shigar da iska, iskar ita ce ƙananan ramukan da ke fitowa bayan guga. Mintin huɗu ko biyar da aka rubuta a gwangwani na ƙasa mai sanyi ne. A zafin digiri 30 na tsakar rana a Nima, minti uku ma da ƙyar, saboda haka a riƙa haɗa kaɗan-kaɗan.

Shafin farko siriri ne, a danna shi sosai ya shiga karcen. Na biyu shi ke cikewa. Jimillar kauri kada ta wuce milimita 3. Idan wurin yana neman fiye da haka, bugu ne bai kai ba, a koma wa guduma.

Bayan minti 20 zuwa 30 a fara guga da P80 a kan dogon katako mai santsi, ana bi a karkace, hagu da dama. Tafin hannu kaɗai yana bin kwari da tudu ne, ba ya daidaita su. Daga nan P120, sai P180, gefen tsohon fenti kuma a kwantar da shi da P240 har yatsa ya daina jin gaɓa. Ba a tsallake fiye da mataki ɗaya, karcen P80 da aka rufe da faraima zai fito bayan makonni idan komai ya tsuke. Kuma ba a goge fila da ruwa. Wannan kuskure ya yi yawa a garejinmu. Fila tana shan ruwan ta riƙe, rana ta buga, ƙananan ƙuraje su cika wurin. Jan foti na cikin tub da ke bushewa da iska na toshe ramin allura ne kawai, idan aka yi masa kauri sai ya tsuke ya tsage.

Faraimar cikewa

Wannan ita ce mai kauri, haɗi biyu, galibi kashi 4 ga kashi 1 na hadana, amma abin da ke jikin gwangwani shi ne hukunci, kuma kada a haɗa hadanar wani kamfani da faraimar wani. Bakin bindigar feshi milimita 1.7 ko 1.8. Hawa biyu zuwa uku, kowane hawa a bar shi ya dushe kafin na gaba. A bari ta kwana, ko da an ce awa uku ta isa.

Yayyafa baƙin fenti sama-sama a kai kafin guga, sannan a bi da P320 a kan katako. Inda baƙin ya rage kwari ne, inda fila ko ƙarfe ya leƙo tudu ne. A gyara, a sake faraima, a sake guga. A ƙare da P500 a bushe, ko P800 da ruwa idan babu filar da ta leƙo. Sauran ɓangaren da kiliya kaɗai za ta hau a dusashe shi da P1000 ko soson guga mai launin toka. Duk gaɓar da aka yi wa walda a bi ta da man toshe gaɓa kafin kala.

Kala da kiliya

Lambar kala tana jikin motar. A Toyota tana kan takardar da ke ginshiƙin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR: 040 fari ne, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa, 070 farin lu'ulu'u mai hawa uku. Amma motar da ta sha ranar shekara goma ta riga ta kauce wa lambarta. Kai wa mai haɗa fenti murfin tanki, ya fesa gwaji a kan ɗan ƙarfe, ya sa masa kiliya, a kwatanta a rana. Kala ba tare da kiliya ba ba ta nuna gaskiyarta.

Ƙofa ɗaya ko madigadi ɗaya yakan ci kusan kwatar lita na kala da aka riga aka sirka, da kusan haka na kiliya. Kala galibi 1 ga 1 ko 2 ga 1 da tina (ruwan sirka fenti), kiliya 2 ga 1 da hadana, da tina kamar kashi 10 cikin 100 idan an buƙata. A zafinmu a nemi hadana da tina masu jinkirin bushewa. Masu sauri suna sa fenti ya bushe a iska kafin ya sauka. A tace komai kafin ya shiga kofi.

Lokacin feshi yana da muhimmanci kamar fentin kansa. Da sassafe da bayan magariba raɓa na sauka a kan ƙarfe ko ido bai gan ta ba. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 na rana ya fi, a inuwa, ba ranar da hadari ya haɗo ba. Idan laima ta haura kashi 80 cikin 100, a ɗaga aikin. Da hunturu iska ta bushe, amma ƙura ce abokiyar gaba, sai a rufe rumfar da leda a yayyafa wa ƙasa ruwa. Da damina kada a yayyafa, laima ake ƙarawa. A buɗe ƙasan tankin kwamfuresa kowace safiya ruwan ya fita, a sa matatar ruwa kusa da bindiga.

Baki 1.3 ko 1.4, ƙarfin iska kusan 2 a ma'aunin bar a gindin bindiga, tazarar santimita 15 zuwa 20, wato kamar taƙi ɗaya. Hannu ya tafi a miƙe da jikin mota, ba lilo ba, kowane layi ya hau rabin na baya. Kala hawa biyu zuwa uku, minti 10 tsakani. Idan mai ƙyalƙyali ce, a ƙara hawa na ƙarshe mara nauyi daga ɗan nesa don ƙwayoyin su kwanta daidai, kuma a baza kalar ta shiga ɓangaren da ke maƙwabtaka. Ruwan azurfa da aka tsayar a bakin ƙofa kowa zai gane shi daga tsallaken titi. Bayan minti 15 zuwa 30 kiliya ta hau, kada kala ta kwana ba kiliya. Hawa na farko matsakaici, na biyu cikakke, kuma a rufe ɓangaren duka har gefensa. Bamba ta roba da aka goge har robar ta fito tana buƙatar faraimar roba tukuna.

Hadanar kiliya da ta faraimar cikewa tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda ke jawo asma da ba ta warkewa. Hankici ko takunkumin asibiti ba sa tare shi. A sa takunkumin feshi mai sabuwar matatar gawayi, safar hannu da tabarau, kuma kada a fesa a tsakar gidan haya inda yara ke wasa. Madarar da wasu ke sha bayan feshi ciki take zuwa, ba huhu ba.

Abin da fentin ke gaya maka

Ramuka masu kama da idon kifi: maiƙo ne ko silikon, sau da yawa daga man sheƙin taya da dashbod da wani ya fesa a kusa. Fuska kamar ɓawon lemo: fenti ya yi kauri, iska ta yi kaɗan, ko bindiga ta yi nisa. Hawaye: hannu ya yi jinkiri ko an matso da yawa, a bari ya bushe sarai a aske shi da P1500 a kan ƙaramin katako. Hazo-hazo fari: laima. Ƙananan huji kamar na allura: an rufe hawa kafin na ƙasa ya fitar da tinarsa. Zoben da ke nuna iyakar fila bayan makonni: an yi gaggawar faraima ko gefen bai kwanta ba. Ƙura da ɓawon lemo suna fita da P1500, P2000 da folish bayan kwana ɗaya ko biyu. Idon kifi mai zurfi da huji sai an goge an sake.

Bayan ƙarfen

Walda ta ƙone duk rufin da ke bayan wurin, don haka idan aka tsaya a kiliya, daga can tsatsa za ta dawo. Inda hannu ke kaiwa, ifoksi da man toshe gaɓa, sai baƙin rufin ƙarƙashin mota a ramin taya. Wannan rufin ba a fesa shi a kan tsatsa ko taɓo, rufe ruwa yake yi a ciki. Inda hannu ba ya kaiwa, cikin ƙofa, dokin ƙofa da ƙarafan shasi, a zura siririn tiyo ta ramukan da kamfani ya bari a fesa kakin hana tsatsa har ya fara ɗiga. Wannan bayan an gama fenti ne, kaki kafin fenti idon kifi ne. Dokin ƙofa ɗaya yakan sha gwangwani guda na mililita 500. Baƙin man inji da ake fesawa a wurin wankin mota yana kumbura robobi, yana tara yashi, ruwan sama biyu kuma ya wanke shi.

A gindin kowace ƙofa akwai ƙananan ramukan fitar ruwa, haka a dokin ƙofa da kwarin da ke ƙasan gilashin gaba. Masu fila sukan toshe su ba da sani ba. Zura waya ka buɗe, zuba ruwa kofi ɗaya ta gefen gilashin ƙofa, ka tabbata ya fito ta ƙasa.

Kafin ka bar mota a gareji, ku yi magana a fili: "Masta, idan ka yanka ka kira ni in gani kafin fila ta hau." Hoto uku a waya sun isa shaida: bayan yanka, bayan walda, bayan ifoksi.

Sabon fenti yana ci gaba da ƙanƙara makonni. Mako na farko ruwa zalla da tsumma mai laushi. Kada a sa masa kakin folish ko a lulluɓe shi da tamfol sai bayan wata biyu. Omo da sabulun wanke kwano suna dusashe kiliya, a nemi sabulun mota. Ruwan birki idan ya ɗiga a kan fenti a wanke shi nan take. Duk wanda ya bi ta cikin ambaliya ya ɗaga kafet a ranar ya fitar da soson ya shanya, kuma ya sa a wanke ƙarƙashin motar da ruwan famfo. Kashin tsuntsu da na jemage yana cin sabuwar kiliya cikin yini ɗaya a rana, saboda haka mai ajiye mota ƙarƙashin itatuwan da ke kewayen asibitin sojoji na 37 ya riƙa yawo da gorar ruwa da tsumma a but, ya jiƙa wurin ya yi laushi kafin ya share.